Amanar Labari a Hannun Mai Waya: Dapchi da Masu Ciwon Ƙoda na Gashuwa



Wannan takarda ta tsaya ne a kan matashin da ke da waya da dubban mabiya a Facebook ko TikTok, wanda a yau labarin Gashuwa da Nguru ke fara fita daga hannunsa kafin gidan rediyo ya ji. Ba shi da edita, babu mai ce masa dakata. Binciken labari, tace shi da yanke hukuncin fitar da shi, aikin da mutane da dama ke rabawa a gidan jarida, duk ya hau kansa shi kaɗai.

Mu tuna da Dapchi, maƙwabciyarmu a Ƙaramar Hukumar Bursari. Ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka sace ɗalibai mata 110 daga makarantarsu. Bayan kwana biyu sanarwa ta fito daga gwamnatin jiha cewa sojoji sun ceto wasu daga cikinsu. Kafin gari ya waye ta zagaya wayoyi, iyaye suka sa rai. Washegari gwamnati ta janye maganar, ta nemi afuwa. Sai ranar 21 ga Maris aka dawo da mafi yawan yaran. Biyar sun rasu, ba a sako ɗaya daga cikinsu, Leah Sharibu, ba. Masu yaɗa sanarwar ba su ƙirƙiri ƙarya ba, daga hukuma suka ɗauko. Amma wanda ya rubuta "gwamnati ta ce" ya fi wanda ya rubuta "an ceto su" sauke nauyi, domin na farko ya bar wa mai karatu damar tambayar wa ya gan su da idonsa. Gwamnati kuwa ta fito fili ta gyara. Mu, idan labarinmu ya zama ba haka ba, sai mu goge shi shiru, alhali an riga an kwafe shi zuwa zaurukan WhatsApp. Gyara ya kamata ya fito a inda kuskuren ya fito, da irin ƙarfin muryar da ya fito da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon ƙoda. Wuya a sami unguwa a ƙasar Bade da ba ta san wannan jinya ba, da wahalar kai mara lafiya Damaturu ko Kano wankin ƙoda. Matasanmu sun yi abin yabo: sun sa ƙasa ta ji kukanmu, sun tara wa marasa ƙarfi kuɗin magani. To amma a nan ne amana ta fi nauyi. Ana ɗora hoton dattijo a kwance, jiki a kumbure, ko na matar aure ba mayafi, da lambar asusu a ƙasa. An tambaye shi? Mutumin da ciwo da talauci suka haɗu a kansa ba ya iya cewa a'a, saboda haka amincewarsa ba ta isa hujja ba sai an bayyana masa cewa hoton zai daɗe bayan ya warke ko ya rasu, 'ya'yansa za su gani. Sau da yawa takardar asibiti da shaidar mai unguwa sun wadatar, ba sai an tona asirin jikin mutum ba. Kuɗin kuma a tura asusun mara lafiyar ko na danginsa, a bayyana nawa aka samu, nawa aka kashe. Duk ranar da mutum guda ya ci wannan amana, mara lafiya na gaba ne zai rasa mai taimako.

Haka batun musabbabin ciwon. Masana na duba ruwan sha, magungunan feshin gona da shan magani barkatai. Mai shafi ba likita ba ne. Kada ya yanke hukunci, kada kuma ya karɓi kuɗin tallar wani haɗi da aka ce yana wanke ƙoda. Ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin da saƙon waya ya sa jama'a wanka da shan ruwan gishiri don tsoron Ebola, har aka rasa rayuka.

Doka tana nan: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024. An sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida, don haka ba na so tsoronsa ya zama abin da ke riƙe mu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta ɗora mana bincike kafin yaɗa labari.

Shawarata ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, su riƙa shirya wa masu shafuka gajeren horo a lokacin hutu, tare da likitoci da tsofaffin 'yan jarida. Masu nema wa marasa lafiya taimako kuma su haɗu su amince da takarda guda ta neman izinin mara lafiya, da Hausa da Badanci, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida kafin a ɗauki hoto.