Zobba Biyu, Ɗauri Ɗaya: Bayani a kan Sinadarin Baifenil

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wani rukunin sinadarai da ake kira baifenil: yadda ake ƙera su, da yadda suke haɗuwa da waɗansu sinadarai, da kuma dalilin da ya sa waɗansunsu ke juya haske. Mai sauraro yana iya zaton cewa wannan zance na ɗakin gwaji ne kurum. Alhali kuwa maganin hawan jinin da likita ke rubutawa, da anguryar da makiyayi ke bai wa dabba, da man da ke cikin tsofaffin taransifomomin lantarki, duk suna da alaƙa da shi. Abin da za a nuna shi ne, halin waɗannan sinadarai, amfaninsu da cutarwarsu, ya rataya ƙwarai a kan abu guda, watau ɗauri ɗaya da ya haɗa zobba biyu, da kuma ko zobban nan suna iya juyawa a kansa ko ba sa iyawa.

Siffar baifenil

Kowane sinadari ƙwayoyin zarra ne da suka ɗauru da juna, suka zama ƙulli guda wanda masana ke kira molikul. Molikul ɗin benzin zobe ne na zarrar kabon 6, kowace tana riƙe da zarrar haidirojin guda, kuma zoben a shimfiɗe yake kamar faifai. Idan aka ɗauki zobba biyu, aka cire haidirojin guda daga kowanne, sa'an nan aka ɗaura su a guraben da aka buɗe, an sami baifenil ke nan, mai kabon 12 da haidirojin 10. Fari ne mai sheƙi, yana narkewa a zafin digiri 69, yana tafasa a wajen digiri 255, ba ya narkewa a ruwa, kuma ana samunsa a cikin kwaltar da ake tatsowa daga kwal.

Domin sauƙin magana ana ba guraben zoben lamba. Kabon ɗin da ke riƙe da ɗaurin shi ne na 1, maƙwabtansa biyu su ne na 2 da na 6, wanda ke fuskantarsa daga can ƙarshe shi ne na 4. Haka nan a ɗaya zoben. Ke nan akwai gurabu huɗu da ke maƙwabtaka da ɗaurin, biyu a kowane zobe, kuma ya kamata a riƙe su a zuci, gama a kansu ne yawancin bayanin zai tsaya.

A kwatanta faifai biyu da aka haɗa bakinsu da tsinke guda. Kowanne yana iya juyawa a kan tsinken. Haka zobban baifenil suke, suna ta juyawa ba tsayawa. Amma da yake haidirojin ɗin da ke guraben nan huɗu suna ɗan gogar juna idan zobban suka kwanta a shimfiɗe, molikul ɗin ya fi son zama a karkace. A cikin tururi kusurwar da ke tsakanin zobban tana kusa da digiri 45.

Hanyoyin ƙira

Ɗaura zoben benzin da ɗan'uwansa aiki ne mai wuya, domin zoben ba ya son a taɓa shi. A shekarar 1862 Rudolph Fittig na ƙasar Jamus ya sami baifenil ta hanyar zuba ƙarfen sodiyam a cikin benzin mai ɗauke da zarrar buromin. Sodiyam ya fizge buromin, zobban suka ɗauru. Bayansa Marcellin Berthelot na Faransa ya nuna cewa idan aka bi da tururin benzin ta cikin bututun da ya yi ja don zafi, shi ma yana ba da baifenil. Waɗannan hanyoyi biyu na ƙarfi da yaji ne, kuma duk wani reshe mai laushi da ke jikin zoben lalacewa yake yi.

A 1901 Fritz Ullmann ya kawo hanyar da ta fi: a dafa benzin mai ɗauke da aidin tare da garin jan ƙarfe a zafi mai tsanani. Wannan hanya ta daɗe tana aiki, sai dai ta fi dacewa da ɗaura zobba biyu iri ɗaya. Idan zobban sun bambanta, kaya uku ne ke fitowa a cakuɗe, kuma rarrabe su wahala ce. A 1924 Moses Gomberg da Werner Bachmann a Amurka suka yi amfani da gishirin dayazoniyam wajen ɗaura zobba mabambanta, amma abin da ake samu kaɗan ne.

Babban sauyi ya zo daga Jami'ar Hokkaido ta ƙasar Jafan. Akira Suzuki da Norio Miyaura sun bayyana hanyarsu a 1979, suka faɗaɗa ta zuwa ƙirar baifenil a 1981. Ana liƙa wa zobe ɗaya reshen boron, ɗayan kuma buromin ko aidin, sa'an nan a sa ɗan ƙarfen faladiyam kaɗan. Aikin faladiyam a nan aikin dillali ne: ya kama wannan, ya kama wancan, ya ƙulla su, ya fita yadda ya shiga, ya nemi waɗansu biyu. Da yake kowane zobe yana da tasa alama, mai ƙira shi ke zaɓen wanda zai haɗu da wane. Zafin da ake bukata kaɗan ne, har ma ana iya aikin da ruwa a ciki. Saboda wannan aiki Suzuki ya sami lambar Nobel ta 2010 tare da Richard Heck da Ei-ichi Negishi.

Yadda baifenil ke haɗuwa da sauran sinadarai

Halin baifenil halin benzin ne, watau yakan yarda a musanya masa haidirojin da wani reshe, amma zoben ya tsaya yadda yake. Abin lura shi ne kowane zobe yana yi wa ɗan'uwansa jagora. Idan aka zuba masa asid ɗin naitirik, reshen naitiro yakan sauka a gurbi na 4 ko na 2. In aka ci gaba, reshe na biyu ba ya komawa zoben da aka riga aka taɓa, domin naitiro yana dusashe zoben da ya hau. Sai ya tsallaka zuwa ɗayan. Idan kuwa aka gasa baifenil da asid ɗin kuromik, zobe ɗaya yakan wargaje, a sami asid ɗin benzoyik.

Akwai kuma wani ɗan wannan gida mai suna benzidin, wanda Nikolai Zinin na Rasha ya samo a 1845. Masana'antun rini na Turai sun dogara da shi shekaru masu yawa, daga gare shi ne aka yi jan rinin nan da ake kira jan Kwango a 1883. Daga baya aka tabbatar yana haddasa sankarar mafitsara ga ma'aikatan da ke sarrafa shi, ƙasashe da yawa suka hana yinsa.

Juya haske

Hasken fitila yana kaɗawa ta kowace fuska. Idan aka tace shi da wani gilashi na musamman, sai ya fito yana kaɗawa ta fuska guda. A 1815 Jean-Baptiste Biot ya lura cewa waɗansu ruwaye suna karkatar da wannan tataccen haske, wani zuwa dama, wani zuwa hagu. A 1848 Louis Pasteur ya gano cewa sinadari ɗaya yana iya zuwa da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu: yatsu ɗaya, tsari ɗaya, amma takalmin wannan ƙafa ba ya shiga waccan. Siffa ɗaya tana juya haske dama, ɗayar hagu, daidai wa daida. A 1874 van 't Hoff da Le Bel suka ba da dalili: zarrar kabon da ke riƙe da rassa huɗu mabambanta tana iya jera su ta hanya biyu. Kusan shekara 50 ɗalibai suna koyon cewa a irin wannan kabon ne galibi ake neman asalin dama da hagu.

A 1922 George Christie da James Kenner na Jami'ar Sheffield a Ingila suka ɗauki wani baifenil wanda kowane zobensa ke da reshen naitiro a gurbi na 6 da reshen asid a gurbi na 2. Suka haɗa shi da burusin, wani sinadarin tsiro mai siffar hannu guda, suka raba shi gida biyu, kowane gida yana juya haske ta tasa fuska. Alhali a duk molikul ɗin babu kabon ko ɗaya mai rassa huɗu mabambanta. A lokacin akwai masu bin ra'ayin Felix Kaufler na 1907, cewa zobban baifenil a naɗe suke, ɗaya bisa ɗaya. Gwaje-gwaje suka rushe wannan ra'ayi, kuma a 1926 masana da dama a Ingila, cikinsu har da Turner da Kenyon da Mills, suka kawo bayanin da ya tabbata.

Bayanin kuwa shi ne: manyan rassa huɗu da ke guraben maƙwabtaka sun tokare juna. Zobban ba sa iya kwanciya a shimfiɗe, ba sa kuma iya wuce juna, sai su tsaya a gicciye. To, gicciyewa iri biyu ce, ta dama da ta hagu, kuma da yake hanyar juyawa ta toshe, wanda ya tsaya a dama ba ya komawa hagu. Sharuɗɗa biyu ne ke nan. Na farko, rassan su yi girman da zai hana juyawa. Na biyu, a kowane zobe reshen gurbi na 2 ya bambanta da na gurbi na 6. In sun zama iri ɗaya, molikul ɗin da hotonsa na madubi abu guda ne. A 1933 Richard Kuhn ya raɗa wa wannan hali suna atirofisoma, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar rashin juyawa.

Roger Adams da ɗalibansa a Jami'ar Illinois sun ƙera irin waɗannan sinadarai da yawa, suna auna lokacin da kowanne ke ɗauka kafin juya haskensa ya ɓace. Suka ga buromin ya fi naitiro tarewa, naitiro ya fi reshen asid, fulorin kuwa ƙanƙantarsa ta sa da ƙyar yake tarewa. Zafi ma yana da hannu, gama in aka dafa sinadarin zobban sukan sami ƙarfin ture juna su wuce. Baifenil tsurarsa yana bukatar kimanin kilokalori 2 a kowane mol domin ya juya. Kafin a iya raba dama da hagu, sai shingen ya kai wajen kilokalori 22.

Abin da wannan ya haifar

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Jikin ɗan Adam da na dabba an gina su da sinadarai masu siffar hannu guda, saboda haka suna bambanta dama da hagu. Misali na kusa shi ne angurya. Baƙaƙen ɗigon da ke cikinta suna ɗauke da gosifol, wanda ɓangarorinsa biyu suke a tokare kamar yadda aka bayyana. Auduga tana yin siffofin biyu, amma mai juya haske hagu ta fi cutar da kaji. Shanu manya suna jure gosifol fiye da kaji da 'yan maruƙa, abin da ya wajaba mai haɗa abincin dabbobi ya sani. A shekarun 1970 an gwada shi a ƙasar Sin a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka bar shi domin yana rage fotasiyam a jini, kuma waɗansu haihuwarsu ba ta dawo ba.

Masana sun kuma mai da wannan hali makami. A 1980 Ryoji Noyori ya bayyana BINAP, molikul mai tokararrun zobba wanda idan ya riƙe ƙarfe yakan tilasta a ƙera siffa guda kaɗai. Da shi ake yin mentol mai yawa a masana'anta, kuma Noyori yana cikin waɗanda suka sami lambar Nobel ta 2001. Har wa yau zobban baifenil su ne ƙashin bayan losatan da balsatan, magungunan hawan jini, da kuma sinadaran da George Gray ya ƙera a Jami'ar Hull a 1972, waɗanda suka buɗe hanyar fuskar agogon lantarki da na'urar lissafi.

Sai ɓangaren haɗari. Idan aka ɗora wa baifenil zarrar kilorin ana samun PCB, iri 209. An fara yin su don kasuwa a 1929, kuma da yake ba sa kama wuta da sauƙi, ba sa ruɓewa, aka cika taransifomomi da su. Wannan rashin ruɓewa shi ya zama masifa. A 1966 Sören Jensen ya same su a jikin kifi da gaggafa a Suwidin. A 1968 suka tsiyaya cikin man girki na dusar shinkafa a yammacin Jafan, fiye da mutum 1,000 suka kamu da ciwon fata da na ido da na hanta. Amurka ta hana yin su a 1979. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya da Nijar ke cikinta, ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da su a na'urori, 2028 kuma wa'adin kawar da sharar su. A nan ma ɗaurin nan ne ke hukunci. Waɗanda guraben maƙwabtakarsu babu kilorin suna iya kwanciya a shimfiɗe, su yi kama da dayoksin, kuma su ne mafiya dafi. Waɗanda guraben suka cika a gicciye suke, 19 daga cikinsu ma suna da dama da hagu tabbatattu.

Kammalawa

Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Ɗauri guda tsakanin zobba biyu ya gyara ra'ayin da aka daɗe a kansa game da juya haske, ya kuma nuna cewa sanin zarrar da ke cikin sinadari bai isa ba, sai an san yadda suka tsaya a sarari. Ɗalibin da zai ƙera magani dole ya tambaya wace siffa ya samu, kuma ko za ta tsaya a haka cikin zafin ɗakin ajiya. Ma'aikacin da aka danƙa wa tsofaffin taransifomomi kuwa wajibi ne ya sa a gwada mansu kafin a sayar ko a zubar, gama abin da ya shiga ƙasa da ruwa daga cikinsu yakan daɗe shekaru da yawa, ya bi kifi da nono ya komo cikin abincin jama'a.