Aikin Kaka a Lambun Gida

 

Kwamiti ya nemi mu yi magana a kan ci gaban gari, mu kuwa muka zaɓi lambun bayan gida. Wataƙila wani ya ce tsufa ne ya kama hedimasta. To, a yi mana haƙuri a saurara.

Mu da muka tashi a cikin ganuwa mun tarar da birnin nan kewaye da lambuna. Daga Ƙofar Marusa, inda Lambun Sarki yake, zuwa Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, fangali ne bayan fangali, ana jan ruwa da jigo. Cikin gidaje kuma da wuya a rasa zogale ko gwanda ko lemun tsami kusa da wurin wanke-wanke. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 filaye suka yi daraja, gini ya cinye lambuna da dama. Gidajen da kuke aiko da kuɗi ana gina muku kuwa, mun shiga da yawa daga cikinsu: an shafe tsakar gida da siminti tun daga zaure har bangon baya, babu inda ko tafasa za ta tsiro. Ga shi mai gida yana kukan tsadar kayan miya.

Lokacin gyara shi ne kaka. Ruwa yakan ɗauke mana a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ƙasa na da sauran laima, sanyin da tumatir da albasa da latas da karas ke so yana tafe. Wanda ya bari sai Janairu ya makara, domin zafin Maris zai riski shukarsa tana fure. Da sanyin safiya ake kama fara.

Aikin farko shi ne kwashe na damina. A yanka kuɓewa a shanya, a tsinke ganyen zogale da kuka a busar da su a inuwa, domin rana tana kashe musu launi da amfani. Amma kafin a tuge komai, a ware iri. A nan muke so mu daɗe kaɗan. Iyayenmu mata sukan bar kuɓewar da ta fi kyau ta ƙosa a jikin uwarta har ta fara tsagewa, haka yakuwa da kabewa, sa'an nan su cuɗa irin da toka, su zuba a gora su toshe, su rataye inda hayaƙin murhu ke taɓawa. Ƙwaro ba ya kusantarsa. Irin nan shi ne ya tsallake farin 1973 da na 1984 tare da mu, ya san ƙasarmu ta jigawa, ya san ƙarancin ruwanmu. Na cikin gwangwani da ake sayowa yana da yabanya, ba mu musa ba, sai dai da yawansa in ka ɗebi iri daga 'ya'yansa ba ya maimaita halin uwarsa, dole baɗi ka koma kasuwa. Duk tsohuwar da ta rasu ba a karɓi gorarta ba, wani iri ya tafi ke nan.

Bayan haka sai taki. Kashin awaki da na kaji da toka da sharar ganye, a tara a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Ganyen tumatir ko barkono da ya nuna cuta kada a sa shi a ramin, a ƙone shi. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da nan Katsina, har kwando ya gagari talaka.

Sai a ja fangali a yi rainon iri. Tumatir yakan isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, albasa sai ta kai shida ko bakwai, karas kuwa ba ya son dashe, inda aka shuka shi nan zai zauna. Da yamma ake dasawa. Lokacin da muke koyarwa, kowane aji yana da fangalinsa a lambun makaranta, kuma mun ga yaron da lissafi ya gagara a allo ya iya awo da igiya da turke.

Itatuwa ma suna da haƙƙinsu. A sare busassun rassan gwaiba da lemo, a yi wa ƙananan dashe kwari a gindi, a rufe da ciyawa ko buntu saboda iskar hunturu, amma kada abin rufin ya taɓa jikin itacen. Babban mangwaro a rage masa ruwa har ya yi fure. Kuma a gyara shinge da sabon kara tun kafin a saki dabbobi, domin akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin a sallame sallar la'asar.

Za a ce ina ruwa, alhali famfon Ajiwa ba kullum yake zuwa ba. Ruwan alwalar gida guda da na wanke shinkafa da kayan miya, in an tara a bokiti, ya isa zogale biyu da fangali ɗaya. Na kwata da na sabulun wanki ne ba mu yarda a zuba wa ganyen da za a ci ɗanye ba.

Roƙonmu ga masu gini, a ce wa magini ya bar taku goma a kusurwar gida ba siminti. Waɗanda suka riga suka shafe, a fasa. Kuɗin taki da kara a aiko wa mai kula da gida a farkon Oktoba. Mun zo da irin kuɓewa da yakuwa da kabewa daga gorar gidanmu, an ƙulla su a takarda, suna hannun sakatare. Mai so ya rubuta sunansa ya karɓa kafin a tashi.