Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Ɗaukar Hoto

 

Mai girma shugaban taro, malamai, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanku da hallara.

Yanzu da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, na san akwai mahaifin da ke tambaya a ransa: me aka koya wa yaran nan? An koya musu su tsaya su dubi mutum har sai zuciyarsu ta motsa, sannan su danna.

Seydou Keïta ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, kuma galibi ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Saboda haka ba ya garaje. Sai ya gyara wa mace zama, ya nuna mata inda za ta ɗora hannu, ya shimfiɗa mata zane a baya. Wanda ya kalli hotunan nan yau, girman da Keïta ya ba mutanen garinsu yake gani. A nan Najeriya, Okhai Ojeikere ya soma ɗaukar kitson mata a 1968, har ya tara hotuna kusan dubu.

Amma wadda ta fi taɓa ni 'yarmu ce, Fati Abubakar ta Maiduguri. Aikin jinya ta karanta. A shekarun da duniya ba ta jin sunan Borno sai an haɗa da bam da gawa, ta ɗauki kyamara a 2015 ta shiga gari tana ɗaukar 'yan kasuwa, yara da kayan makaranta, 'yan mata cikin kwalliyar Sallah. Ba ta ɓoye wahalar mutanenta ba, amma ta ƙi yarda a ce wahalar ce kaɗai labarinsu. Wannan aikin ƙauna ne, kuma baƙon da ya kwana biyu ya wuce ba zai iya yin sa ba.

'Ya'yana, za ku ɗauki biki da suna don cin abinci, wannan halal ne. Sai dai ku ware lokaci ku ɗauki abin da ba wanda ya saka ku: hannun kakarku tana kaɗi, marinar unguwarku, layinku bayan ruwa ya ɗauke. Kuma kafin ku ɗaga kyamara a fuskar mutum, ku gaishe shi, ku nemi izininsa.

 Allah Ya sa wa wannan sana'a albarka. Ranka ya daɗe shugaban taro, bismillah, a miƙa musu takardun shaidarsu.