George Pólya: Masanin Lissafin da Bai Raina Aji Ba



An haifi George Pólya a Budapest, babban birnin ƙasar Hungari, a shekarar 1887. Lissafi bai ja hankalinsa ba yana ɗan sakandare. A jami'a ma da shari'a ya soma, sannan ya koma harsuna da adabi har ya sami takardar koyar da Latin da harshen ƙasarsa. Karatun falsafa ne ya bi da shi zuwa ga lissafi, ya sami digirin digirgir a 1912.

Daga 1914 ya koyar a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Zurich a Suwizalan. A 1925 shi da Gábor Szegő suka fitar da littafin da aka gina shi kacokan bisa jerin tambayoyi, kowacce tana share wa ta gaba hanya. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ya ƙaura zuwa Amurka a 1940, ya zauna a Jami'ar Stanford daga 1942. Ya rasu a 1985.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ɗan littafinsa na 1945, *How to Solve It*. A cikinsa ya shimfiɗa matakai huɗu: ɗalibi ya fahimci abin da ake tambaya, ya tsara dabara, ya aiwatar da ita, sannan ya waiwayi aikinsa. Idan tambaya ta gagara, ya nemi 'yar uwarta mai sauƙi ya fara da ita.

Mataki na huɗun nan shi muka fi yin watsi da shi. Da zarar amsa ta fito sai mu goge allo, mu ce manhaja na jiranmu. Yaron ya haddace ƙa'ida, amma ranar jarrabawa da an sauya wa tambaya riga sai ya kasa gane ta. Aji ya cika maƙil, lokaci ya yi ƙaranci, duk gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina faɗa a kansu ba. Sai dai minti biyar na tambayar yaro yadda ya kai ga amsarsa ba ya jiran kasafin kuɗi.

Bayan ya yi ritaya a 1953, Pólya ya ci gaba da horar da malaman sakandare shekaru da dama. Mutum mai irin darajarsa bai ga aikinmu ƙarami ba. Kada mu ma mu gan shi haka.