JAWABI GA TALAKAWAN BIRNIN KUDU DA GWARAM: INA A KE KA DA ƊAN TAKARA?

Iyayena da 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa, maganarmu ta yau a kan mutumin da ya ke tashi cikin jam'iyyarsa ya ce shi ma zai nemi takarar Shugaban Ƙasa, ko manya sun so ko sun ƙi. Me ya sa galibi a ke ka da shi?

Ku tuna da Alhaji Abubakar Rimi, wanda ya yi Gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, lokacin ƙasarmu duka tana ƙarƙashin Kano. A watan Janairu 2003 manyan PDP sun riga sun shirya Obasanjo ya zarce, amma Rimi ya ƙi janyewa. Da aka ƙidaya ƙuri'a a Abuja, Obasanjo ya sami 2,642, Ekwueme 611, Rimi kuwa 159, shi da ya ke cika fili da jama'a in ya hau duro.

Sa'an nan ga namu na gida, Alhaji Sule Lamido na Bamaina. A 2013 yana cikin gwamnoni bakwai da su ka yi wa shugabannin PDP bore. A watan Oktoba 2018 ya tsaya zaɓen fid da gwani a Fatakwal. Atiku ya sami 1,532, Tambuwal 693, Lamido 96.

To, ina masu ƙaunarsu su ka shiga? Ba a tambaye su ba. Masu jefa ƙuri'a a waɗannan tarurruka su ne wakilai, watau daliget. A zaɓen PDP na 2022 wakili ɗaya tak aka zaɓo daga kowace ƙaramar hukuma: ɗaya ya tsaya wa Birnin Kudu duka, ɗaya ya tsaya wa Gwaram. Ku 'yan kasuwar Sara kun fi kowa sani, wanda ya daidaita da dillali ba ruwansa da mai akuya. Sayen mutum ɗaya ya fi sayen gari sauƙi.

A Amurka, a 2016, Trump ya ƙwace takarar jam'iyyarsa alhali manyanta ba sa so, domin a can 'yan jam'iyya da kansu su ke jefa ƙuri'a jiha jiha. Ko kuna sonsa ko kuna ƙinsa, hanyar ce abin dubawa.

Saboda haka, jama'a, ba a babban taro a ke ka da ɗan takarar talakawa ba. A mazaɓa a ke ka da shi, ran da aka kira taron zaɓen shugabanni ku ka tafi gona ko kasuwa, mutum biyar su ka zauna a zauren wani babba su ka rubuta sunaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowa ya yanki katin jam'iyya, ya ga sunansa cikin rajista da idonsa. In an kira taron mazaɓa, a bar wa yaro rumfa a je. A ce lalle sai an karanta sunayen da babbar murya, a ƙirga mutane a fili. Mata ma su fito, ƙuri'arsu daidai ta ke da ta kowa. Kuma ko'ina aka zauna, ku nemi a ba kowane ɗan jam'iyya ƙuri'arsa a hannunsa.

Allah ya ba mu sa'a.