Jawabi Kan Ƙirar Sifirin Mota Da Gatarin Da Ke Tsagewa

 

Ni ba maƙeri ba ne, ɗan kasuwa ne. Shekara talatin ke nan ina sarin fartanya da gatari da adda a nan Kafanchan ina kaiwa Kwoi da Zonkwa da Kagoro. Bara wani manomin citta ya dawo mani da gatari uku, duk sun tsage a baki. Kuɗin ban damu da su ba, kunyar ce ta dame ni, don da mahaifinsa muka fara ciniki. Shi ya sa na zauna da maƙera da wani tsohon ma'aikacin reluwe na yi ta tambaya.

Tun da jirgin ƙasa ya iso garin nan wajen 1927, maƙeranmu suka saba da ƙarfen Turawa, yau kuma galibi tsohon sifirin mota ake ƙerawa. To sifirin ba irin rodin gini ba ne. An gauraya shi da sinadarin gawayi, kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari ko ɗan fiye, da wasu ma'adinai irin su manganis da kuromiyam. Su ke ba shi kaifi mai daɗewa, su ne kuma ke sa shi saurin fushi.

Mun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Gaskiya ne, amma wane zafin? Sifirin yana son bugu lokacin da ya yi ja mai haske zuwa ruwan ɗorawa, wato digiri 900 zuwa 1,100 a ma'aunin zafi. In jan ya dushe aka ci gaba da sauke masa masaba don ana tsimin gawayi, sai ya yi tsaga a ciki wadda ido ba ya gani, sai ranar da ya gamu da kututture. In kuma yaro ya yi ta zuga har ƙarfen ya fara tartsatsi a wuta, ya ƙone ke nan, ƙwayarsa ta yi gwaza-gwaza, ba bugun da zai gyara shi.

Sai tsomawa. Ruwan sanyi yana fasa sifirin, a mai ake tsoma shi. Lokacinta kuwa maganaɗisu ke nunawa: wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi, sai a ɗan ƙara wuta kaɗan a tsoma. Bayan nan a goge bakin, a sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin kara ko ya doshi shuɗi, don taurin ya sassauta. Wannan matakin ne aka tsallake a gatarina.

Laifin ma har da mu. Mu ne ke zuwa gab da damina mu ce a ba mu ɗari cikin mako guda, kuma mu ƙi ƙara ko kwabo. Ni dai daga bana zan ba da aikina tun watan Fabrairu, in biya kuɗin gawayin ƙirya daban.