Abincin Daji da Riƙon Gaskiya a Sana'ar Saukar Baƙi



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba matsayin abincin daji a otal-otal da gidajen saukar baƙi, watau ganyaye da 'ya'yan itatuwan da ba wanda ya shuka su, sai dai a shiga jeji a tsinko. Abin tambaya shi ne, ta yaya mai otal zai ajiye irin wannan abinci gaban baƙo ba tare da ya yaudare shi ba?

Da farko ya kamata a lura cewa kowane abu a daji da lokacinsa. A ƙasar Hausa ɗorawa takan nuna da bazara, a sha garinta, a dafa kalwa a yi daddawa. Da faɗuwar damina kaɗanya ta fara zuba, tafasa da lalo su tsiro a bakin gona, a kuma tsinki ganyen kuka a shanya. Ɗinya sai wajen kaka, kanya da magarya da aduwa kuwa sai hunturu ya kama.

Waɗannan abubuwa sun wuce kayan marmari. A farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, talakawa da yawa a arewacin Nijeriya da Nijar da su suka rayu. A wajajen Damagaram akan jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki, ana sauya ruwa, har ɗacinsu ya fita. Wannan tarihi ne ya sa wasu ke kallonsu a matsayin abincin yunwa. Shi ya sa wani otal yake jin kunyarsu, ko kuma ya rubuta miyar kuka a takardar abinci, kuku ya jefa dunƙulen Maggi a maimakon daddawa.

Akwai abin koyi a wata ƙasa mai nisa. A 2003 aka buɗe gidan abinci mai suna Noma a Kofanhegan, babban birnin Denmak, ƙarƙashin René Redzepi. Maimakon kwaikwayon girkin Faransa, sai suka koma ga ganyaye da 'ya'yan itatuwan dazuzzukansu da na bakin teku. Sau 5 aka zaɓi gidan a matsayin na ɗaya a duniya, tsakanin 2010 da 2021. Daga 2018 suka raba shekara kashi uku: lokacin abincin teku, lokacin ganyaye, da lokacin naman daji. Amma fa aikin yana cin hannuwa da yawa. Sai a watan Oktoba na 2022 aka fara biyan masu koyon aiki a gidan, a Janairun 2023 kuma Redzepi ya bayyana cewa wannan tsari ba mai ɗorewa ba ne.

Daga nan za a iya fitar da sharuɗɗa uku. Na farko, takardar abinci ta bi yanayi. Idan lokacin ɗanyen tafasa ya wuce, a gaya wa baƙo cewa busasshe ne aka yi masa kwaɗo da shi. Na biyu, a biya mai tsinka haƙƙinta. Matan karkara su ne suka san ganyen da ake ci da wanda ke cutarwa, ilminsu kuwa shi otal yake sayarwa, don haka bai dace dillali ya kwashe ribar ba. Na uku, a tausaya wa daji. Kukar da aka sassare wa rassa kowace shekara ba ta yin 'ya'yan kirki, ɗorawar da aka mai da gawayi kuma ba ta sake ba da kalwa.

A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikatan gandun daji da na yawon buɗe ido, da kuma ɗaliban da za su gaje su. Su kare itatuwan nan, su rubuta sunayensu da lokutansu daga bakin dattawa tun suna raye, su kuma sa makarantun koyon girki su koyar da su. Baƙon da ya taso daga nesa yana da abincinsa a gida. Abin da ya zo nema shi ne na ƙasar da ya sauka, a lokacinsa, da sunansa na gaskiya.